Ubuntu ta tare mini ƙofar Windows, ga kwamfutar tana ƙara: yaya zan cire ta?

Baban Ummi (Mile 12): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema a kan kwamfutata, yau kwana shida ban iya buɗe lissafin kasuwa ba. Ɗan ƙanwata da ya zauna wurina bara ya saka mata wata manhaja mai suna Ubuntu, wadda ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, saboda karatunsa, ya ce ba za ta taɓa mini Windows ba. Kuma gaskiya ba ta taɓa ba. In na kunna, baƙin allo ne ke fitowa da jeri, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa, sai in sauka da maɓallin kibiya in zaɓi tawa. To yanzu kibiyar ƙasan ta mutu. Ina ji ina gani za ta ƙirga daƙiƙa goma ta shige Ubuntu. Yaron kuwa ya tafi bautar ƙasa. Ban da wannan, tana wani sauti ƙas-ƙas-ƙas daga gefe, sai ta sandare na ɗan lokaci. Batirin ma ya mutu, da an ɗauke wuta take ɗaukewa. Duk bashin albasar da nake bi a nan kasuwa, da wanda masu kaya na Aliero ke bi na, yana cikinta. So nake a cire mini Ubuntun nan gaba ɗaya.

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai wannan ba aiki ba ne. Ka samu ka shiga Windows sau ɗaya, ka buɗe Disk Management, ka goge ɓangaren da Ubuntu take, shi ke nan. Ko kuma a yi mata fomatin baki ɗaya ta dawo sabuwa fil.

Injiniya (Ikeja): Alhaji, don Allah kada ka goge komai tukuna. Ɗan Agege, wannan shawarar ita ce take kawo mana kwamfutoci shago sun ƙi tashi. Alhaji, ka kunna ta, ka karanto mini layukan baƙin allon nan ɗaya bayan ɗaya, yadda aka rubuta su.

Baban Ummi (Mile 12): Na farko Ubuntu. Na biyu Advanced options for Ubuntu. Na uku Windows Boot Manager (on /dev/sda1). Na huɗu UEFI Firmware Settings.

Ɗalibi (Yaba): Kawu, kafin manya su gama bayani, gwada wannan. Da allon ya fito, danna harafin v sau biyu, sannan Enter. Wannan allon sunansa GRUB, kuma a wurinsa v tana aikin kibiyar ƙasa.

Baban Ummi (Mile 12): Allahu Akbar! Ta sauka! Ga Windows tana buɗewa. Kwana shida fa! Allah ya yi maka albarka yaro, ya ba ka ilimi mai amfani.

Ɗalibi (Yaba): Amin Kawu.

Injiniya (Ikeja): Madalla da Ɗalibi, ni kibod na USB zan ce a aro. Za a aro ɗin ma, don akwai inda v ba za ta yi aiki ba. Yanzu Alhaji, ka saurare ni da kyau. Kibiyar da ta mutu ba ta dame ni ba, Ubuntun ma ba ta dame ni ba. Ƙas-ƙas ɗin nan ne ya dame ni, ruwa ba ya tsami banza. Faifan ajiyarka irin na da ne, mai juyawa, akwai wani siririn hannu a ciki da ke karanta bayanai daga kan faifan. In ya je wurin da ya lalace ya kasa karantawa, sai ya koma ya sake gwadawa, shi ne sautin da kake ji, shi ne kuma sandarewar. Faifan da ya fara haka zai iya kai wata shida, zai iya mutuwa daren yau. Tunda ka shiga, abu na farko shi ne ka kwashe kayanka a filash. Ka fara da fayil ɗin lissafin, shi kaɗai, kafin hotuna, kafin komai.

Maman Walid (Obalende): Alhaji ka ji maganar Injiniya. Ni shagon buga takardu nake da shi, kuma na ɗanɗana. Tawa ta yi wannan ƙarar kusan sati biyu ina cewa gobe zan kwashe. Ranar wata Litinin na kunna, allo ya ce babu abin da zai tashi da shi. Takardun mutane na shekara uku, har da rubutun kammala karatu na wata yarinya da muka kai babi na huɗu, duk suka tafi. Na kai wa wani mai gyara, ya riƙe faifan sati uku, ya karɓi kuɗina, ya dawo mini da shi hannu rabbana. Da hannuna na sake buga wa yarinyar nan aikinta daga takardun da malaminta ya yi wa jan biro.

Ɗan Agege: Allah ya mayar da alheri Anti. Amma ni har yanzu ban ga abin tsoro a goge ɓangare ɗaya ba. Na taɓa yi a tawa kuma lafiya ƙalau ta tashi.

Injiniya (Ikeja): Ta tashi ne don a taka Windows ce a gaban jeri, ko ka sani ko ba ka sani ba. Bari in yi bayani yadda kowa zai gane. Ɗauki faifan nan kamar gida. Akwai babban ɗaki na Windows, akwai ɗakin Ubuntu, sannan akwai ɗan ƙaramin zaure a bakin ƙofa, megabait 100 ne a wasu, 260 a wasu, ana ce masa EFI. Da ka kunna kwamfuta, zauren nan take fara shiga ta tambayi hanya. Ranar da yaron ya saka Ubuntu, ta ajiye nata maigadin a zauren, shi ne GRUB, aka kuma sa shi a gaba. To shi maigadin nan, jikinsa ne a zaure, amma takardar da yake karanta jerin nan daga ciki tana ɗakin Ubuntu. In ka rushe ɗakin ka bar shi a gaba, gobe ka kunna zai nemi takardarsa ya rasa. Abin da za ka gani shi ne baƙin allo da kalmar grub da alamar > tana jiran ka rubuta wani abu. Windows tana nan lafiyarta ƙalau a ɗakinta, amma babu mai nuna hanya. Mutum ya ga haka sai hankalinsa ya tashi, ya ruga a yi masa fomatin, a nan ne ake asarar kaya. Saboda haka a jere ake yin abin: a kwashe kaya, a mayar da Windows gaba, a tabbatar tana tashi da kanta, sannan a rushe ɗakin.

Ɗan Agege: To na ji wannan. Ban san maigadin yana da kaya a cikin ɗakin ba.

Baban Ummi (Mile 12): Fayil ɗin bashi ya shiga filash, alhamdu lillahi. Rasidai ma sun shiga. Ina kan hotuna aka ɗauke wuta, ta mutu. Sai an kawo.

Maman Walid (Obalende): Alhaji, kada ka yarda da ganin suna a filash kawai. Ka kai shi wata kwamfutar ka buɗe fayil ɗin bashin, ka gangara har layin ƙarshe. Wani lokaci sunan yana nan amma cikinsa fanko ne, musamman in wuta ta yanke ana cikin aiki. In ya buɗu, ka tura wa kanka kwafi ta imel, ya zama wuri biyu.

Baban Ummi (Mile 12): Na gode Hajiya. Na kai wurin yaron da ke mana rajista a bakin kasuwa, ya buɗu har ƙarshe, layi 412. Ya tura mini a imel.

Ɗalibi (Yaba): Ina da magana, Injiniya a yi mini afuwa. Kowa yana maganar yadda za a cire Ubuntu, babu wanda ya tambaya ko ya kamata a cire. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi ne kawai aka yi wa alkawarin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, kuma in injin Intel ne sai zubi na takwas zuwa sama, alhali da yawa daga kwamfutocin tokumbo da mutanenmu ke saye a Legas zubi na shida ne ko na bakwai ko ƙasa da haka. Ke nan wadda ake so a bari ita ce wadda kwananta ya ƙare, wadda ake so a kora ita ce ke samun sabuntawa kyauta. Ubuntu 22.04 ta fito a Afrilun 2022 kuma shekara biyar ake kula da irinta. LibreOffice da ke cikinta tana buɗe fayil ɗin Excel. Ni shekara huɗu ke nan ita kaɗai nake amfani da ita, ban sayi manhajar kashe cuta ko sau ɗaya ba.

Ɗan Agege: Kai ɗan makaranta ne, kana da lokaci. Alhaji yana tsakiyar kasuwa, mota na sauke buhu, mai kaya na kira daga Kebbi, ka ce ya tsaya neman inda aka ɓoye maɓallin buga rasidi? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗalibi (Yaba): Ba wahala gare ta ba, sabo ne kawai. Kuma wanda ya kafa kamfanin da ke yin ta, Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu ne, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa ya fito, yana nufin mutuntaka. Tun 2004 ake yin ta. Ba wani abin wasan yara ba ne da ɗan ƙanwarsa ya tsinto.

Baban Ummi (Mile 12): Ɗalibi, na ji ka kuma ban raina maganarka ba, kai ka buɗe mini ƙofa yau. Amma shekarata tara da Excel, hannuna ya san inda komai yake ko ido a rufe. A kwana shidan nan na gwada buɗe lissafin ta Ubuntun, sai ta ce za ta nuna mini amma ba zan iya rubutu a ciki ba. Ni kuma ba zan koyi sabon abu a kan kuɗin mutane ba. In kaka ta wuce, kasuwa ta lafa, ka zo ka koya mini a wata kwamfutar.

Ɗalibi (Yaba): In sha Allahu Kawu. Hana rubutun da ta yi kuwa kare ka ta yi. Windows tana da wani tsari mai suna Fast Startup, in ka kashe ta ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, barci take yi da rabin ido. Ubuntu in ta tarar da faifan a haka sai ta ƙi rubutu a kai don kada ta ɓata shi.

Injiniya (Ikeja): Maganar Ɗalibi a kan Windows 10 gaskiya ce, Alhaji ka ajiye ta a rai. Amma mai kwamfuta ya faɗi abin da yake so, mu ci gaba. Abu biyu kafin gobe. Na ɗaya, ka kira ɗan ƙanwarka ka tambaye shi ko yana da kaya a ɓangaren Ubuntu. Windows ba ta iya karanta wancan ɓangaren, tsarinsa ext4 ne, don haka daga inda kake ba za ka ga abin da ke ciki ba, in kuma aka goge ya tafi. Na biyu, ka sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, ka faɗa mini launin da ta nuna a sama ta hagu. Kuma in wani ya ce ka yi chkdsk don gyara faifan, kada ka yi yanzu. Tilasta wa faifan take yi ya karanta kowane lungu, mara lafiya kuma ba a sa shi gudu.

Baban Ummi (Mile 12): Barkanmu da safiya. Na samu yaron a waya. Ashe aikin kammala karatunsa duka yana ciki, ya ce yana da kwafi amma ba na ƙarshe ba. Da na bi shawarar farko da na cuce shi ban sani ba. Ya bi da ni ta waya na kwashe masa foldar. Manhajar kuma ta nuna ruwan ɗorawa, an rubuta Caution. A ƙasa akwai layi biyu masu ɗigon ɗorawa, Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count.

Injiniya (Ikeja): Abin da na zata. Shuɗi lafiya, ɗorawa gargaɗi, ja kuma sai addu'a. Layin farko wuraren da suka riga suka lalace ne faifan ya maye gurbinsu, na biyu wuraren da yake ƙoƙarin karantawa yana kasawa. Gaskiyar magana Alhaji, maganin da ya fi shi ne SSD, sabon nau'in faifan ajiya. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, kwamfutar za ta yi sauri har ka yi mamaki. A zare tsohon faifan, a saka sabo, a ɗora Windows. Ubuntu ta tafi tare da tsohon faifan ba tare da an goge komai ba. Lasisin Windows kuma in na asali ne a jikin kwamfutar yake, da an hau intanet zai dawo da kansa.

Baban Ummi (Mile 12): Na yarda, amma kuɗina yana cikin kaya, sai motar Alhamis ta fita. Kafin nan ina so in riƙa kunnawa tana shiga Windows kai tsaye, don yarana ma suna shigar da lissafi in ba na nan.

Injiniya (Ikeja): To bismilla, amma da sharaɗi. Tunda babu batir, kada ka fara sai inda wuta ba za ta yanke ba, wurin mai inbata ko janareta mai cikakken mai. Da farko buɗe This PC ka duba ko akwai hoton kwado a jikin C, wato ɗakin Windows. In akwai, BitLocker ne, tsarin Windows na kulle faifai, kuma sai ka nemo lambobinsa guda 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda kafin ka taɓa komai, don sauya tsarin tashi yana iya sa ta nemi su.

Baban Ummi (Mile 12): Babu kwado. Na aro kibod, ina shagon mai sayar da magani, yana da sola.

Injiniya (Ikeja): Madalla. Kunna ta, a baƙin allon ka zaɓi layi na huɗu, UEFI Firmware Settings. Nemi inda aka rubuta Boot Order. Za ka ga ubuntu a sama, Windows Boot Manager a ƙasa. Ɗaga Windows ɗin ta koma ta farko, a gefe ko a ƙasan allon an rubuta maɓallin da ke yin haka, sau da yawa F5 da F6 ne ko alamar tarawa da ɗebewa. Ka adana ka fita. Sannan ka kashe ka kunna sau uku.

Baban Ummi (Mile 12): Sau uku, kai tsaye Windows. Baƙin allon bai fito ba ko sau ɗaya.

Injiniya (Ikeja): Yanzu aka zo inda Ɗan Agege ya so a fara. Buɗe Disk Management ka karanto mini akwatunan daga hagu zuwa dama.

Baban Ummi (Mile 12): Disk 0, 465.76 GB. Na farko 260 MB, EFI System Partition. Na biyu C, 300 GB, NTFS. Na uku 164 GB da ɗoriya, ba shi da harafi, ba a rubuta NTFS ba. Na huɗu ƙarami, bai kai 1 GB ba, Recovery Partition.

Injiniya (Ikeja): Na ukun nan shi ne ɗakin Ubuntu. Shi kaɗai za ka danna da dama ka zaɓi Delete Volume. Na farko zauren ne, in ka taɓa shi Windows ma ba za ta tashi ba. Na huɗu kayan agajin Windows ne, bar shi. Ka sake duba girman kafin ka amsa mata, 164.

Baban Ummi (Mile 12): An yi. Ya koma baƙi, an rubuta Unallocated. Na kashe na kunna, lafiya.

Ɗan Agege: Saura Extend Volume a kan C, Alhaji ya samu filinsa gaba ɗaya. Tunda filin yana manne da C ta dama, zai yi ba musu.

Injiniya (Ikeja): Zai yi, amma ni ban ba da shawara ba. Da faifan lafiyayye ne da ni zan fara cewa a yi. Ba mu san a wane yanki lalacewar take ba, kuma C tana da sauran wuri. Me zai sa a baza lissafin Alhaji a sabon fili na faifan da ya rage masa kwanaki? A bar shi haka.

Ɗan Agege: Gigabait 164 a zaune banza fa Injiniya.

Injiniya (Ikeja): Na kwana huɗu ne, ya zauna.

Ɗalibi (Yaba): Saura ragowar GRUB a zaure. Ga mai so ya share: a buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, a rubuta mountvol S: /s sai dir S:\EFI za a ga folda mai suna ubuntu kusa da Microsoft da Boot. A rubuta rmdir /s S:\EFI\ubuntu a amsa, sannan mountvol S: /d a rufe.

Injiniya (Ikeja): Daidai ne, harafi bai ɓace ba. Amma Alhaji kai kada ka yi. Kuskuren kalma ɗaya a nan, a goge Microsoft maimakon ubuntu, an koma gidan jiya. Foldar 'yar ƙarama ce kuma ba ta hana komai tunda ba ita ce a gaba ba.

Malam na Idi-Araba: Salamu alaikum, ina bin zancen tun jiya ban ce komai ba. Ta makarantar Islamiyyarmu ce ta faɗa ramin da kuke magana. Wani malami ya goge ɓangaren tun watan jiya, yanzu abin da take nunawa shi ne error: no such partition, a ƙasa grub rescue. Tsohuwa ce sosai, ban ga Windows Boot Manager a ko'ina ba. Sunayen ɗalibai da sakamakonsu suna ciki.

Injiniya (Ikeja): Wa alaikumus salam Malam, Allah ya gafarta. Kada a bari kowa ya yi mata fomatin, kayanku suna nan. Alamu sun nuna taku tsohon tsari ce, Legacy, babu zaure, maigadin a farkon faifan yake zaune, wurin da ake kira MBR. Ku samu filash mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki, a haɗa masa Windows a wata kwamfutar da Media Creation Tool. Ku tashe ta da shi, in HP ce F9, in Dell ce ko Lenovo F12. Kada a danna Install. A ƙasa ta hagu akwai Repair your computer, sai Troubleshoot, sai Command Prompt. A rubuta bootrec /fixmbr a danna Enter, a zare filash a kunna. Yawanci wannan kaɗai ya isa. In ta ƙi, ku ɗauko hoton abin da ta rubuta ku sa a nan.

Malam na Idi-Araba: Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Bayan la'asar za mu gwada.

Baban Ummi (Mile 12): Wani abu kuma Injiniya. Tun da aka saka Ubuntun nan, agogon Windows yakan koma baya da awa ɗaya cif. Ranar nan ya nuna mini sha biyu, ina jin ana kiran azahar.

Ɗalibi (Yaba): Wannan ya ƙare daga yau Kawu. Ubuntu tana saita agogon cikin kwamfuta a kan lokacin duniya, UTC, ita kuma Windows tana ɗauka lokacin gida ne. Najeriya tana gaba da awa ɗaya, shi ne awan da ke ɓata maka. Shiga saitin kwanan wata da lokaci ka danna Sync now sau ɗaya. In ya sake rikicewa bayan haka, ɗan batirin agogo ne na ciki ya raunana, a canza shi ranar da za a buɗe ta.

Baban Ummi (Mile 12): Ya daidaita. Saura abu guda da ke cin raina. Na sake kwashe hotunan, duk sun shiga sai guda goma sha ɗaya, tana rubuta Data error, cyclic redundancy check. Na walimar saukar Ummi ne, kuma a cikinsu akwai wanda mahaifiyata take riƙe da allonta. Ta rasu watanni huɗu bayan nan, Allah ya jiƙanta. Wayar da aka ɗauka da ita an sace.

Maman Walid (Obalende): Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa aljanna ce makomarta. Alhaji ka tambayi matan gida, walima ba ta wucewa ba a tura hotuna a WhatsApp ba. Ko bai kai na asali kyau ba, a samu.

Injiniya (Ikeja): Amin, Allah ya gafarta mata. Alhaji ka daina gwada kwafarsu, kowane gwaji ƙara gajiyar da wurin yake yi. Akwai wata manhaja, ddrescue, da ke bin faifai a hankali, ta kwashe mai kyau da farko, sannan ta dawo ta lallaɓi wuraren da suka lalace. Ban yi maka alkawarin goma sha ɗayan ba, amma sau da yawa ana samun wasu. A Linux take aiki, wato dangin Ubuntu, don haka Ɗalibi, in kana da lokaci ka zo da filash ɗinka mu yi tare.

Ɗalibi (Yaba): Ba ni da lacca ranar Juma'a da yamma, zan zo.

Baban Ummi (Mile 12): To Juma'a bayan an sauko masallaci, in Allah ya kai mu. A ina zan sauka?

Injiniya (Ikeja): Ƙarƙashin gadar Ikeja, ka kira ni daga nan in turo yaro ya shigo da kai, layin Otigba cunkoso gare shi ranar Juma'a. Ka taho da caja da filash ɗin da ka kwashe kaya. Daga yau zuwa ranar, in ka gama shigar da lissafi ka kwafe fayil ɗin a filash, ka kashe ta, kada a bar ta a kunne yara suna kallo.